Koyon hoki bayan gemu ya fito: sharhi kan wani shirin manya a Toronto

A biranen Kanada akwai wata hidima da baƙo ba ya saurin lura da ita, wato shirin koya wa manya wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara, wanda mutanen ƙasar ke kira hoki kawai, tare da ƙaramar gasar nishaɗi da ake shigar da ɗalibai cikinta idan sun fara iya tsayuwa da ƙafafunsu. Na shiga irin wannan shiri a wani zauren ƙanƙara mai zaman kansa da ke yammacin Toronto, na kammala darussan farko, sannan na buga gasar masu farawa har zuwa ƙarshen kaka. Ban ga amfanin ambaton sunan wurin ba, domin tsarin kusan ɗaya ne a zaurukan birnin, kuma abin da zan yaba da wanda zan kushe mai karatu zai iske su a mafi yawansu. Ra'ayina shi ne shirin ya ci kuɗinsa ga mai lafiya da haƙuri, ko da yake tallansa yana alƙawarin abin da ba zai iya cikawa ba. Wanda ya fara a shekara 35 ko 45 ba zai zama gwani ba, ko wane koci ya samu. Abin da shirin yake iya yi, kuma yake yi da kyau, shi ne ya mayar da baligi mai iyali da matsayi ɗan koyo a gaban jama'a, sannan ya ɗora masa nauyin wasu mutane goma sha da suke jiran ya cika alƙawarin zuwa.

Sai an san matsayin wasan a ƙasar ake gane dalilin da ya sa manya ke biyan kuɗi don su sha faɗuwa. A birnin Montreal aka yi wasan farko mai tsari a cikin zaure, ranar 3 ga Maris 1875, a filin Victoria, kuma a birnin ne aka kafa babbar gasar ƙwararru ta NHL a 1917. A 1994 majalisar dokokin Kanada ta zartar da doka da ta ayyana hoki a matsayin wasan ƙasa na lokacin hunturu. Ƙungiyar Toronto Maple Leafs rabonta da ɗaukar Kofin Stanley, wato kofin zakarun gasar NHL, tun 1967, amma hakan bai rage mata magoya baya ba, sai ma ya zama abin hirar ofis da na motar haya kowace shekara. Ɗan ƙasa yakan fara sulu a kan ƙanƙara tun yana shekara 3 ko 4, saboda haka wanda ya iso ƙasar yana babba ya tarar da wata hira da ake yi kullum wadda ba shi da bakin sawa a cikinta. Shirin manya an gina shi ne don irin waɗannan, da kuma 'yan ƙasar da iyayensu ba su da halin sa su a wasan suna yara, waɗanda na tarar suna da yawa fiye da yadda na zata.

Darussan farko sa'a ɗaya ce a mako, da daddare, a fili mai tsawon ƙafa 200 da faɗin ƙafa 85, wanda shi ne ma'aunin filayen Arewacin Amurka. Koci ɗaya ne babba da mataimaki, kuma dukkansu sun girme ni a wasan amma na girme su a haihuwa. Abin da ya fara burge ni shi ne ba a ba mu faifan wasa ba a ranar farko, wato dunƙulen baƙar robar nan mai faɗin inci 3 da kaurin inci 1, mai nauyin kusan giram 170, da ake bugawa maimakon ƙwallo. An ce mu ajiye goruna a benci, mu shiga tsakiyar fili, mu faɗi da gangan. Kocin ya ce: "Duk wanda yake tsoron ƙasa ba zai lanƙwasa gwiwa ba, wanda kuma bai lanƙwasa gwiwa ba shi ne zai fi kowa faɗuwa." Aka nuna mana yadda ake faɗuwa ta gaba ko ta gefe don kada ƙeya ta bugi ƙanƙara, da yadda ake tashi: a durƙusa, a kafa ƙafa ɗaya, a dafa gwiwa da hannu biyu, a miƙe. Mun maimaita wannan har sai da ya daina ba kowa dariya.

Na daɗe ina tunani a kan wannan tsari, kuma ina ganin shi ne mafi darajar abin da na biya. Mu da muka taso inda girman mutum yake tafiya da natsuwarsa a gaban jama'a, inda magidanci ba ya gudu a titi balle ya yi birgima a ƙasa, muna da wata kunya da ke hana mu fara duk abin da za a gan mu muna yi ba daidai ba. Muna cewa gemu ba ya hana ilimi, amma yawanci ilimin da muke nufi shi ne wanda ake ɗauka a zaune, a gaban malami, ba tare da jiki ya tona wa mutum asiri ba. A kan ƙanƙara babu wannan rufin asiri. Likita da direban babbar mota da malamar makaranta duk suna kwance a ƙasa lokaci guda, kowa cikin hular kwano da ragar fuska ta yadda ba a ma gane wane ne wane, kuma wanda ya fi riƙe girmansa, ya ƙi sakin jiki, ya miƙe sambal kamar yana layin gaisuwa, shi ne yake fi jin jiki. Masu shirin sun san haka, shi ya sa suka sa faɗuwar a farko, suka mayar da ita darasi da kowa zai yi tare, ta yadda faɗuwar gaskiya da ta biyo baya ba ta zama abin kallo ba. Na ga tasirin hakan a wurin aikina, inda na rage jinkirin cewa ban gane ba a gaban waɗanda na girma.

Abu mafi wuya ga mai farawa shi ne tsayawa. Tafiya tana zuwa da wuri, domin ƙanƙara da kanta take ɗaukar mutum, amma tsayar da jiki mai gudu yana buƙatar a juya ƙafafu biyu a gicciye, a kankare saman ƙanƙarar da gefen ƙarfe, kuma kusan kowa yana iya yin haka ta gefe ɗaya ya kasa ta ɗayan. A nan ne na ga raunin farko na shirin. Ɗalibai sun yi wa koci biyu yawa, kuma da zarar rabin aji ya iya abu sai a wuce gaba, a bar sauran suna tsayawa ta hanyar rungumar katangar fili. Wanda ke son ya iya da gaske dole ya ƙara da atisayen kansa. Sa'ar da aka yi ita ce hukumar birnin Toronto tana da filayen ƙanƙara na waje fiye da 50 da ake shiga kyauta daga ƙarshen Nuwamba zuwa wajen Maris, kuma a can ne, tsakanin yara ƙanana da ke wuce ni kamar iska, na koyi tsayawa ta gefen hagu. Ya kamata masu shirin su faɗi wannan tun wurin rajista, cewa sa'a ɗaya a mako ba ta isa ba.

Maganar kuɗi ba ta da daɗi. Kuɗin darussa daban, kuɗin gasa daban, kowanne ɗaruruwan dalolin Kanada ne, kuma ba a haɗa kayan wasa a ciki ba. Kayan kuwa suna da yawa: takalmi mai ƙarfe a ƙasa, hular kwano mai tambarin hukumar ingancin kaya ta CSA, kariyar kafaɗa, ta gwiwar hannu, ta ƙwauri, wando mai katifa, safar hannu mai kauri, kariyar gaba, gora, da babbar jakar da za ta ɗauke su. Kamfanonin Bauer da CCM, waɗanda duka a lardin Ontario suka samo asali, su ne suka mamaye kasuwar, kuma sabbin kayansu na sama an yi su ne don masu gudun da mai farawa ba zai taɓa kaiwa ba. Shawarata ita ce a sayi kusan komai a gwanjo, a shaguna irin su Play It Again Sports, ban da hular kwano, domin ba a sanin irin bugun da tsohuwa ta sha. Takalmi kuma a gwada shi a shago, kada a saya ta intanet, saboda lambarsa takan gaza ta takalmin yau da kullum da ɗaya ko ɗaya da rabi, kuma idan ya yi yawa idon sawu zai riƙa karkata ciki, mutum ya ɗauka rashin iyawa ne alhali takalmin ne. Sabon takalmi ana ɗumama shi a wata ƙaramar tanda a shago, a sa shi da ɗuminsa don ya ɗauki siffar ƙafa.

Ƙaramin shagon da ke cikin zauren ya cancanci yabo na musamman saboda washin takalmi. Ƙarfen da ke ƙasan takalmin ba kamar wuƙa yake ba, yana da ɗan kwari a tsakiya da kaifi biyu, na ciki da na waje, kuma zurfin kwarin shi ke ƙayyade yadda takalmi zai kama ƙanƙara. Washin da ake kira na rabin inci shi ne akan yi wa kowa idan bai faɗi komai ba. Dattijon da ke aikin ya tambayi nauyina, ya kalli yadda ƙarfen ya cinye, ya ba ni shawarar kwari marar zurfi saboda mai nauyi ba ya buƙatar kamu sosai, kuma daga ranar tsayawa ta yi mini sauƙi. Kuɗin bai wuce dala 10 ba. Ban samu wani gyara mai arha da ya canja wasana kamar wannan ba, kuma ba a darasi aka gaya mini ba.

Gasar ita ce zuciyar hidimar. Ana raba ƙungiyoyi rukuni-rukuni bisa ƙwarewa, masu farawa suna can ƙasa, kuma dokar da ta bambanta ta da wasan ƙwararru ita ce an hana bangazar jiki, an hana faɗa, wanda ya yi dambe kuwa dakatarwa ce. Kowane ɓangare mutum 6 ne a fili har da mai tsaron raga, wasa zubi 3 ne, amma a wurinmu zubin bai kai minti 20 irin na ƙwararru ba, domin dole a gama komai cikin sa'ar da aka kama haya. Akwai alƙalan wasa biyu, da mai riƙe agogo, kuma ana rubuta wanda ya ci da wanda ya miƙa a shafin gasar, abin da manya masu furfura ke dubawa da safe fiye da yadda za su yarda su faɗa.

Abin da ya fi komai koya mini wani abu shi ne karɓa-karɓa. A hoki ba a jiran wasa ya tsaya kafin a canja ɗan wasa. Mutum yana shiga, ya yi iya ƙoƙarinsa na ɗan lokaci, ya koma benci, wani ya tsallako katanga ya maye gurbinsa ana tsaka da wasa. Ƙwararru sukan yi kamar daƙiƙa 45 su fita, mu kuma ana roƙon mu kada mu wuce minti ɗaya da rabi. Abin yana kama da luguden daka, inda kowace taɓarya take da lokacin saukarta da na tashinta, wadda ta yi nawa kuwa ta ɓata wa sauran. Matsalar ita ce lokacin da ya kamata mutum ya fita shi ne lokacin da ransa ya fi son ya zauna, domin faifai ya fara zuwa wurinsa, jiki ya ɗau zafi, yana ganin saura kaɗan ya ci. Idan ya biye wa wannan, sai ƙafafu su mutu, abokan hamayya su kwaso wasa zuwa gidansu, shi kuma yana can baya yana haki, ba ya iya komawa tsaro, ba ya iya isa benci. Ya cuci wanda ke zaune yana jiran rabonsa na sa'ar da shi ma ya biya, ya kuma cuci mai tsaron raga. A ƙungiyar nishaɗi ana yafe wa mutum rashin iyawa ba tare da wata magana ba, ana yafe masa zubar da ƙwallo a gaban raga, amma mai daɗewa a fili ba a yafe masa, kuma kyaftin zai kira shi gefe. Na sha zama a tarukan ƙungiyoyin al'umma inda shugaba ke riƙe kujera har ƙungiyar ta mutu a hannunsa, da zaman shawara inda mutum ɗaya ke cinye lokacin mutum biyar, amma ban taɓa ganin wurin da ake koyar da sauka da wuri a aikace, sau da yawa a dare ɗaya, kamar bencin hoki ba.

Hukuncin laifi ma yana da nasa darasi, ko da yake ba zan tsawaita a kansa ba. Wanda ya sa wa wani gora a ƙafa ko ya riƙe shi yana tafiya wani ɗan keji a gefen fili ya zauna minti 2, kuma ba a maye gurbinsa, saboda haka, ban da masu tsaron raga, mutum 4 ne za su fuskanci 5 yana kallon su ta gilashi. Fushinsa na daƙiƙa ɗaya su ne za su biya shi da huhunsu. Dokar satar gida kuwa, wadda ke hana ɗan wasa tsallake shuɗin layin abokan hamayya kafin faifai ya tsallaka, takan ɗauki masu farawa makonni, kuma alƙalan wasan rukuninmu sun yi kirki da suke yin bayani a taƙaice maimakon busa usur kawai.

Babban ƙorafina a kan gasar shi ne sakacin da ake yi wurin tantance 'yan wasa. A rukunin masu farawa akan samu ƙungiyar da ta shigo da wani matashi da ya buga wasan tun yarinta, a rubuta shi a matsayin ɗan cike gurbi, ya ɗauki faifai daga bayan ragarsu ya ratsa kowa ya ci, ya sake, ya sake. Dokar gasar ta hana, kuma akwai jami'in da aka ce yana lura da haka, amma sai an yi ta kai ƙara kafin a ɗauki mataki, wani lokaci ma kaka ta kusa ƙarewa. Cin da ake yi mana ba shi ne damuwata ba. Haɗarin shi ne mai gudu sosai a tsakanin mutanen da ba su iya kaucewa ba yana iya jawo karo, kuma mutanen nan washegari suna da aikin da za su je. Wurin da ke karɓar kuɗi da sunan wasa mai aminci bai kamata ya jira ƙorafi ba. Na kuma lura cewa gwanayen da suka san ya kamata, idan suka tsinci kansu a irin wannan rukuni, sukan koma baya su riƙa miƙa wa raunana, kuma su ne ake sake gayyata.

Ƙorafi na biyu shi ne lokaci, ko da yake laifin ba na zauren kaɗai ba ne. Sa'o'in yamma na yara ne da ƙungiyoyinsu, manya kuwa sai abin da ya rage, saboda haka wasan ƙarfe 10 ko 11 na dare a tsakiyar mako ba baƙon abu ba ne. A gama, a cire kaya, a tuƙa mota cikin dusar ƙanƙara, a isa gida bayan ƙarfe 12, jiki kuma ya ƙi barci saboda jini bai kwanta ba, ga sallar asuba da aiki suna jira. Mai aikin dare ko mai jariri a gida ya yi lissafi sosai kafin ya biya, domin ba a mayar da kuɗin wasan da mutum bai zo ba. A watan azumi, wanda a 'yan shekarun nan yake faɗowa cikin kakar hunturu, jinkirin ya zame mini alheri, tunda an sha ruwa an huta kafin a shiga fili. Amma wannan lokaci marar daɗi shi ne kuma ya nuna mini ma'anar cika alƙawari a ƙaramin abu. Idan mutum 3 suka ji sanyi suka ƙi fitowa, waɗanda suka zo za su yi wasa ba hutu har numfashi ya gagare su. Idan mai tsaron raga ne bai zo ba, wasan ya lalace gaba ɗaya, shi ya sa a ƙungiyoyi da yawa ba a karɓar kuɗi a hannunsa, kuma a Toronto har akwai masu sana'ar tsaron raga na haya da ake kira idan ta ɓaci. Na ga mutumin da ba ya iya juyawa da baya amma bai taɓa fashi ba, kuma a ƙarshen kaka shi aka fara tambaya ko zai dawo.

Zauren kansa tsaf yake ta fuskar ƙanƙara. Tsakanin wasa da wasa motar Zamboni, wadda Frank Zamboni ya ƙera ta farko a Kalifoniya a 1949, tana zagayawa ta kankare sama ta shimfiɗa ruwa, ta bar fili sumul. Ɗakunan canja kaya ne suka tsufa, ruwan zafi yakan ƙare wa masu wasan ƙarshe, kuma warin kayan hoki da ba a shanya ba abu ne da ba a saba da shi, sai dai a jure. A shanya kaya a gida bayan kowane wasa, in ba haka ba uwargida za ta kore su zuwa gareji, kuma tana da gaskiya.

Akwai abubuwa biyu game da ɗakin canja kaya da ya dace Bahaushe ya sani tun kafin ya je. Na farko, ana yi wa irin wannan gasa laƙabi da gasar giya, domin al'adar ƙungiyoyi da yawa ce a buɗe kwalba bayan wasa. Ban taɓa samun wanda ya matsa mini ba. Da na ce ba na sha, sai aka fara sa lemo a cikin kayan da ake kawowa, ba tare da an mayar da abin zance ba, kuma wanda ba ya son zama a wurin yana iya yin sallama ya tafi ba a ga laifinsa ba. Na biyu, wurin wanka a buɗe yake, kuma mutanen ba su ɗauki tsiraici a tsakanin maza yadda muka ɗauke shi ba. Mafita mai sauƙi ita ce a sa riga da dogon wando na ciki tun daga gida, a ɗora kayan wasa a kansu, a yi wanka idan an koma. Mata suna da nasu ɗaki da nasu rukuni a gasar, akwai kuma rukunin gauraye ga mai so, kuma kayan wasan suna rufe jiki daga kai har ƙafa.

Ban tarar da wani Bahaushe a zauren ba, amma ba daidai ba ne a ce wasan bai taɓa haɗuwa da mu ba. Ɗan wasa na farko haifaffen Najeriya da ya buga gasar NHL, Rumun Ndur, a Zariya aka haife shi a 1975, ya girma a Ontario, ƙungiyar Buffalo Sabres ta zaɓe shi a 1994. Jarome Iginla, wanda ya daɗe yana kyaftin ɗin Calgary Flames, mahaifinsa ɗan Najeriya ne. A 2022 kuma Nazem Kadri, Musulmi ɗan asalin Labanan, ya ci Kofin Stanley da Colorado Avalanche, ya kai kofin masallacin garinsu, London ta lardin Ontario. Duk da haka wasan har yanzu fararen fata ne suka fi yawa a cikinsa, kuma tsadarsa tana daga cikin dalilai. A rukunin masu farawa ne na fi ganin gauraye, da 'yan Indiya da 'yan Sin da 'yan Filifin da Larabawa, saboda duk wanda ya iso ƙasar yana babba a nan yake faɗowa.

Ta fuskar lafiya, kada kalmar nishaɗi ta ruɗi kowa. Wasan gudu ne mai tsanani na ɗan lokaci, a zauna, a sake tashi, kuma wannan yana matsa wa zuciyar wanda ya wuni a kujera duk mako. Mai hawan jini ko ciwon sukari ko wanda ya haura 40 bai saba motsa jiki ba ya fara ganin likita. Zauren yana da na'urar farfaɗo da zuciya a rataye kusa da ƙofa, amma ba a nuna mana inda take ba a darasin farko, kuma ya kamata a nuna. Ragar fuska cikakkiya ba dole ba ce a wasu rukunonin, sai dai ni ina ganin wautar magidanci ce ya bar haƙoransa da idanunsa a buɗe a gaban gorunan mutanen da ba su iya sarrafa su ba. Kariyar wuya ma haka. Tun bayan rasuwar Adam Johnson, Ba'amurke ɗan wasan Nottingham Panthers da ƙarfen takalmi ya yanke shi a wuya a Sheffield ta Ingila a Oktoban 2023, hukumomi da dama sun wajabta ta, amma a gasarmu zaɓi ce, kuma kaɗan ne ke sawa duk da arharta. A rukunin da ake yawan faɗuwa, ƙafafu suna tashi sama ba da niyya ba, nan ne ma ta fi amfani.

Ga wanda ke zaune a yankin kuma yake tunanin gwadawa, ina ba da shawarar kada ya fara da biyan kuɗin gasa. Ya sayi takalmi da hular kwano, ya yi hunturu ɗaya yana zuwa filayen hukuma na kyauta har ya iya tsayawa ta gefe biyu, sannan ya shiga darussan, inda zai fi cin moriyar koci tunda ba ya fama da tsayuwa. Wurin rajistar gasa kuma ya tambayi abu uku kafin ya miƙa kati: mutum nawa ne a kowace ƙungiya, ƙarfe nawa wasa mafi dare yake farawa, kuma me ake yi wa ƙungiyar da ta shigo da gwani rukunin masu farawa. Gasar hunturu takan fara a Satumba ko Oktoba, kuma guraben masu shiga su kaɗai, waɗanda ba su da ƙungiya, sukan cika tun kafin bazara ta ƙare.